Jan Tabon Kuncina

Ina 'yar shekara bakwai kakata ta zaunar da ni kan kifaffen turmi a gidanmu na Zoza, ta hau dirje jan tabon da aka haife ni da shi a kunci, da toka da lemun tsami.

"Tsaya mana, ja'ira! Uwarki ce ta yi kwaɗayin zoɓo da cikinki, ta sosa fuska. Yau sai ya fita."

Fatar ce ta saluɓe, tabon yana nan.

Bana na kai 'yata Kano da irinsa. Likita ya ce ƙananan jijiyoyin jini ne kawai, ya fara dusashe shi da hasken leza. Muna dawowa, Innata da ta sha wannan gori shekara da shekaru ta dube ni ta ce, "To, ke kuma kwaɗayin me kika yi?"