Dakon Ƙarshe

"Sauke ni nan, Malam," in ji matar ɗan dako. "Ai mun iso."

Ɗan dakon ya durƙusa, ya zaunar da ita a kan falalen dutse. Shekara talatin yana hawa da kayan baƙi zuwa masaukin nan na kan tsauni, inda mota ba ta zuwa, jaki ma sai da lallashi. Bai taɓa goya abu marar nauyi irin na yau ba. Ciwo ya cinye ta.

Tun da ta makance, kullum ya sauko sai ya ba ta labarin magangarar ruwan da baƙi ke zuwa kallo: rugugi, da feshin da ke jiƙa mutum sharkaf, da bakan gizo. Bai taɓa gaya mata masu masaukin sun karkatar da ruwan zuwa wurin wankan baƙi ba. Da likita ya ce a mayar da ita gida, abu ɗaya ta roƙa, a kai ta ta ji ruwan.

Ta kasa kunne. Ba komai sai iska.

"Bana ruwan ya ɗan ja baya," ya fara.

Ta laluba ta kamo gefen rigarsa.

"Haba Malam, wa ke maka wanki? Shekara bakwai rigar nan ba ta dawo mini da komai ba sai gumi." Ta jingina da kafaɗarsa. "Kai dai ci gaba. Ina bakan gizon yake yau?"

Ya ɗago hannunta, ya nuna busasshen dutsen da shi.

"Ga shi can. Ya fi na kullum."