Rufin da Ya Yi Ƙyalli

Da mai facin taya ya ɓamɓare kwanon farko na rufin, rana ta faɗo har kan gadon tsohuwarsa.

"Kai ɗan nan, haukan naka har ya hau sama?" ta ce daga ciki, tana kare ido.

Ya ci gaba da cire ƙusoshi. Shi da ƙannensa ne suka yi karo-karo suka rufa mata ɗakin da sabon kwano, don ta huta da tara robobi a ƙarƙashin yoyo. Ba a jima ba asibiti suka yanke mata maganin sukari na kyauta. Ma'aikaciyar asibitin ta ce masa ba ita ba ce, na'ura ce ke duba hotunan gidaje daga sama, kuma duk rufin da ya yi ƙyalli ta ɗauka na mai hali ne.

"To ina zan same ta in yi mata bayani?"

"Ba a ganinta, malam. Ita ke ganinku."

Shi ya sa ya sauke rufin kaf. Tsohuwa ta koma raɓewa a kusurwa, tana bin inuwar bango, ƙafafunta na ƙara kumbura, har aka ɗauki sabon hoto.

Ranar da ya koma asibiti, hadari ya haɗo. Ma'aikaciyar ta daɗe tana kallon allon kwamfuta.

"Ta gani?" ya tambaya.

"Ta gani, malam." Ta kasa ɗago kai. "Ta ce kango ne, ba mai zama a ciki. Ta cire sunan Mama gaba ɗaya."

A waje, yayyafi ya fara sauka.