Baƙin Ƙyalle

Zoɓon da Naja'atu ta dafa da safen nan ba na sha ba ne. Ta dama shi da sitaci har ya yi kauri, ta ɗura a jarka, ya koma jini sak. Yau ƙungiyar agajin gaggawa ta makarantar koyon jinya da ke Kotto za ta yi atisayenta na makon ɗalibai, ita ce kuma shugaba.

Mahaifinta, Malam Iro, mahauci ne a unguwar New Bell, mutum mai magana ɗaya. Tun farko bai so karatun nan ba. A ganinsa 'ya mace ba ta da hurumin taɓa jikin mazan da ba ta sani ba. Da ya ji cewa shugaban da ya ci atisayen bana wani asibiti zai ɗauke shi horon aiki, sai ya yanke magana: in ta samu ta ci gaba, in ta rasa ta tattaro littattafanta ta dawo taya uwarta tuyar ƙosai.

Ta roƙe shi ya zo ya gani da idonsa. Ya ce shi ba ya kallon wasan yara. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, amma ta shanye. Da za ta fita ta same shi a tsakar gida ya sa an ɗauko masa rigar Juma'a, ga shi ranar Laraba ce. Ta ce a ranta ɗaurin aure ne a Bonabéri. Ta tuna masa maganin hawan jininsa, ya kore ta da hannu.

A bakin ƙofar makaranta an jawo wata tsohuwar bas an kifar da ita. 'Yan ƙungiyar wasan kwaikwayo su ne waɗanda hatsari ya rutsa da su, kuma sun yi shigar mutanen gari: wata ta cusa filo ta zama mai ciki, wasu sun manna gemun auduga sun zurma manyan riguna. Aka yayyafa musu zoɓo. 'Yan bensikin, wato 'yan acaɓa, da masu wucewa suka yi dafifi a titi, ana ture-ture, rana kuwa ta take tsaka.

Dokar atisayen ba ta da tausayi. Jan ƙyalle ga wanda za a ceta yanzu, rawaya ga mai iya jira, baƙi ga wanda ya riga ya yi nisa. Wannan a rufe shi a wuce. Kowace shekara kuma malamai sukan ɗana tarko, su kwantar da wani wanda ba zai tashi ba, su ga ko shugaba zai ɓata lokaci a kansa. Shugaban bara a nan ya faɗi, ya durƙusa yana danna ƙirjin wani ɗan wasa har aka hura usur. Har yau ana yi masa dariya.

Aka hura usur na farawa, wuri ya kaure da ihu. Naja'atu ta tsaya a tsakiya tana rarraba mutanenta, muryarta ko rawa ba ta yi. A ɗaure cinyar wancan, a tallafe wuyan wannan, mai ciki a fara fita da ita. Tana hango Dokta Jibirilla, babban alƙalin atisayen, yana gyaɗa kai.

Sai ga Sumayya a guje, wata 'yar aji ɗaya da ta zo daga Marwa bana, tana kiran shugaba da Faransanci.

"Chef, akwai wani tsoho a bayan mota, gefen kwata. Ba jini a jikinsa, amma ba ya amsawa. Numfashin da ƙyar nake jin sa. Wallahi kamar gaske."

"Duk kamar gaske suke. Sa masa baƙi."

"Don Allah ki zo ki duba dai, s'il te plaît."

"Na ce baƙi. Ki rufe shi, kada wanda ya sake zuwa wurin."

Sumayya ta tafi tana waiwaye. Naja'atu ta ji daɗi har cikin ranta, don ta ga tarkon kuma ta tsallake shi. Da ta zagaya bayan motar ɗaukar makarar marasa lafiya, ta hango shi an lulluɓe da farin zane, 'yan kallo sun kewaye shi suna ɗaukar hoto suna yaba iya kwanciyarsa. Ko tsayawa ba ta yi ba.

Aka hura usur na ƙarshe. Matattu da masu karaya suka miƙe suna dariya, suna lasar zoɓo a yatsu. Dokta Jibirilla ya kira sunanta a lasifika, ya ce horon asibiti nata ne. Hawaye suka cika idonta. Abu ɗaya take tunani, yadda za ta tsaya gaban Baba da yamma ta faɗa masa.

Da ta je gaishe da Dokta, ta ce masa cikin wasa tarkonsu na bana bai kama kowa ba. Ya dube ta da mamaki, ya ce ai bana ba su ɗana tarko ba.

Ta juya. Fili ya watse, kowa ya tashi, sai farin zanen nan a gefen kwata, yana nan yadda aka bar shi. Ta taka a hankali, ta durƙusa, ta yaye.

Malam Iro ne, ya zo kallon 'yarsa, jikinsa ko gama hucewa bai yi ba.