Furar Bakin Ƙofa

Arziki ya ajiye ƙwaryar fura a bakin ƙofar gida, ya bar ƙofar a buɗe, amma yau bai shige ɗaki ba. Ya laɓe a bayan rumbu.

Wani likita Bayahude da ya taɓa yi wa girki a Maraɗi ne ya gaya masa cewa, a wurin masanansu, zamani zagayawa yake kamar taurari, kuma in zagayen ya cika, mai ceto zai zo a siffar baƙo. Tun rasuwar matar Arziki, duk kakar da taurarin kaza da 'ya'yanta suka fito da almuru a Madarumfa, sai ya ajiye fura domin wannan baƙon. Washegari ƙwarya wayam.

Bana ya rantse sai ya ga mai sha.

Can sai ga Ladi, maƙwabciyarsa da mijinta ya rasu tuntuni, ta ci ado da sabon zane. Ta durƙusa ta sha, ta daɗe tana kallon ɗakinsa.

"Bana ma kunya ta hana shi magana," ta ce a hankali. "To, Allah ya kai mu baɗi."