Shayin da Bai Yi Ƙamshi Ba

A gidanmu na Attantane, wasan macijin da ke cikin salular Baba yana da doka: daga ɗora butar shayi a garwashi zuwa tafasarta. Da ƙamshi ya tashi, sai in miƙa masa salularsa.

Shekarar da damina ta ƙi, sojoji na mulki, wata la'asar na dawo daga lakwal, makarantarmu ta boko, Baba ya ɗora buta, ya ba ni salula. Na yi wasa har yatsana ya gaji, ƙamshi bai zo ba. Sai na ɗaga murfin.

"Baba, ai ruwa ne zalla!" Na faɗa da ƙarfi ina dariya, ga maƙwabcinmu zaune a tabarma.

Baba ya dubi garwashi. "Rufe, Uwata. Shi ma yana tafasa. Yi wasanki."

Ashe ganyen shayi ya daɗe da ƙare masa, bai dai so in rasa rabona ba. Daga ranar bai ƙara ɗora butar ba. Salula kawai yake miƙo mini, ya tashi ya fita, in zauna ni kaɗai, ba mai ce mini ya isa.

Da ma ban taɓa murfin nan ba.