Ana Neman Ramamme

Ranar Alhamis da hantsi Arzika ya leƙa rumfar da ya tara mutanensa, ya duba sama ya duba ƙasa, babu ramamme ko ɗaya. Kowa kumatu sun cika, balle matarsa Labiba, wadda benci ke kuka in ta zauna.

Shi ne shugaban ƙungiyar Ci Da Kyau ta Zongo. Shekara biyu ke nan wata gidauniya tana turo masa buhunan garin kunu na waken suya da zogale, don masu fama da rashin abinci. Yau da la'asar sabon daraktanta, Dokta Mansir, zai zo ya gani da idonsa kafin ya sa hannu a dosiye, wato takardun tallafin baɗi. In bai sa ba, buro, ofishin ƙungiyar, ya rufe, Arzika ya koma tuƙa zem, babur ɗin haya, cikin rana.

Bai taɓa ganin Doktan ba. Saƙo suke yi ta waya, hoton da ke kan lambarsa kuwa ganyen zogale ne. Amma Arzika ya san kamannin darakta: jif, tumbi, wuya mai ninki uku.

Yana cikin wannan tashin hankali sai ga zem ya sauke wani dattijo a bakin titi, siriri kamar raken da aka tsotse, wuyan rigarsa na yawo. Tsohon na waige-waige, Arzika ya cafke hannunsa.

"Baba, ka samu aiki. Zama kawai za ka yi."

Dattijon ya biyo shi. Arzika ba marowaci ba ne, ya sa aka kawo shayi da biredi da soyayyen wagasi, cukun nonon shanu. Baba ya ce a bar sukari, a bar mai, ruwan ɗumi ya ishe shi.

"Kin gani ko?" in ji Arzika ga Labiba. "Yunwa har ta ɗinke masa ciki."

Ya cire masa agogo da tabarau, wai za su ɓata aiki. Ya shafa masa ƙasa a gwiwa, ya ɗora shi a sikeli. Kilo hamsin da biyu. Arzika har da hamdala.

"In darakta ya zo, ka ce da kilonka arba'in, kunun nan ne ya tashe ka."

"To, ɗana. Kunun fa, ko zan ɗanɗana?"

Labiba ta fashe da dariya. "Baba, wa zai sha kunun ganye a Zongo? Wani shago a unguwar Tokpa-Hoho muke kai shi, masu kiwon kaji na rububinsa."

"Wane shago?"

Ta faɗa masa, har da launin ƙofa. Ya maimaita a hankali.

Arzika ya ce gara darakta ya taho da tausayinsa tun daga hanya. Ya sa Baba ya karkatar da kai, ya ɗauke shi hoto, ya rubuta a ƙasa: "Dokta, dubi irin halin da bayin Allah ke ciki. In aka yanke tallafi, wannan ba zai kai azumi ba."

Ya danna, saƙo ya tafi.

Aljihun Baba ya yi ƙara, ya ciro waya mai hoton ganyen zogale, ya ce, "Ɗana, miƙo mini tabarauna in karanta."