Lambar Tagulla a Jikin Jirgi

Muna cikin keke daga Samaru za mu kallon jirage, budurwata Hephzibah ta hango farcen babban yatsana da ya yi baƙi ƙirin.

"Injin jirgi ne ya matse ni," na ce mata.

Ƙarya ce fa. Ni aikina a Chikaji yake, shagon Oga Ikechukwu, muna buga lambobi a kan tagulla da guduma. Janareta ne, injin niƙa ne, duk abin da lambarsa ta ɓata, mu ake kawo wa. A miƙo min takarda, in toshe kunnena da waƙa in yi ta bugu, ko karanta abin ba na yi. To ita kuma injiniya take karanta a jami'a, shi ne nima na ce mata injiniyan jirgi ne ni. Kuma ba wai ban san komai ba, babu bidiyon tsofaffin jiragen yaƙi da ban kalla a waya ba. Wata uku ina riƙe da ƙaryar nan da hannu biyu. Na san ranar da ta fashe, yarinyar nan ta tafi kenan.

Wata ƙungiya ce ta kawo tsofaffin jiragen yaƙi guda biyu bikin nuna jirage, iri ɗaya sak, har fenti. An rubuta a allo cewa na hagun a Indiya aka haɗa shi, da izinin kamfanin Ingila.

Na ce yauwa, ga inda zan nuna kaina.

"Wannan kwafi ne," na ce da ƙarfi, don na kusa ma su ƙaru. "Jabu."

"Amma zane ɗaya ne, ƙarfe ɗaya, kuma ya je yaƙi," in ji Hephzibah. "Me ya rage masa?"

"Ke ba za ki gane ba. Orijinal daban yake. Zo ki gani."

Na ja ta wajen na daman. Wani tsohon makanike na kwance a ƙarƙashinsa yana ɗaure noti, ƙafafunsa kawai ake gani da tsohon takalmin roba. A gefen jirgin ga wata 'yar lambar tagulla, ta yi duhu, da sunan Ingila da shekara. Ni kaina sai da ta burge ni.

Mutane suka fara taruwa, har da masu ɗaukar bidiyo. Kai, na zuba! Na ce su dubi yadda lambobin suka zauna, wannan hannun Bature ne, a Najeriya kaf babu mai iya irin wannan. Akwai wani ɗan lotso a kusurwa inda guduma ta zame. Na ɗora yatsa a kai na ce wannan alamar gaggawa ce, ana ruwan bom maƙerin yana aiki. Wata mata har ta ce Allah sarki.

Hephzibah ta kalle ni irin kallon da na yi wata uku ina jira.

Sai dariya ta fito daga ƙarƙashin jirgin.

"Ɗana, duka biyun a Indiya aka haɗa su. Lambar wannan ce ta ɓata, muka sa aka buga wata, na jiƙa ta da baƙin mai don ta tsufa."

Muryar kamar na santa, amma na riga na hau sama, ba saukowa.

"Baba, da girmanka," na ce, "ni injiniya ne. Ka ci gaba da ɗaure notinka."

Ya jawo jikinsa waje a hankali, ya miƙe yana goge hannu da tsumma. Ya kalli fuskata, ya kalli yatsan da har yanzu ke kan lotson, ya washe baki.

"A'a, Sati na shagon Ikechukwu! Ashe kai ne. Ya yatsan naka, tun ranar da ka kwaɗa masa guduma kana buga mana ita bai warke ba?"